Likita Mila da Audu Bakatsine

A shekarun 1890, Bahaushen da ya ɗaura niyyar sauke farali hanya biyu ce a gabansa, kowacce da irin nata haɗarin. Ta gabas ita ce ta kaka da kakanni: a fita daga Kano, a ratsa ƙasar Hadejia ko ta Katagum, a faɗa Barno, daga can sai Wadai da Darfur, ana tafiya ana yada zango, ana noma ana neman guzuri, har a ga Bahar Maliya. Wasu sukan shekara da shekaru kafin su isa, wasu kuma a hanya suka zauna ɗungum, jikokinsu ne Hausawan Sudan na yau. To, a wancan zamani hanyar ta dagule. Mutanen Mahadi sun karɓe Hartum tun 1885, Rabe kuma ya ci Barno a 1893 ya mai da Kukawa kufai. Saura ta arewa, hanyar fatake: Damagaram, Agadas, duwatsun Azbin, Gat, Gadamas, har Tarabulus a bakin teku, inda ayarin Kano ke sauke kirgi da hauren giwa da gashin jimina. Daga nan mai hali ya shiga jirgin ruwa zuwa Iskandariya, ya gangara Suwes, ya tsallaka Jidda. Ta fi gajarta, amma watanni ake yi cikin rairayi, tsakanin rijiya da rijiya kwana da kwanaki, ga 'yan fashi.

Wannan hanya ce wani Bakatsine ya biyo da ɗansa Abdulmajid, yaro ɗan shekara goma sha 'yan kai, wanda aka fi sani da Audu. Uban bai ga Ka'aba ba, ajali ya riske shi a hanya. Yaron ya iso Tarabulus maraya, a birnin da ke hannun Turkawa, inda ake Larabci da Turkanci a kasuwa. Sai dai Hausa ba baƙuwa ba ce a can. Akwai 'yantattun bayi, akwai yaran fatake masu jiran ayari ya juya, akwai maniyyatan da guzuri ya yanke musu. A cikin wannan taro ne Audu ya gamu da wasu samarin Turawan Ingila da suka kama gida a birnin, ba su da aikin da ya wuce neman wanda zai yi musu Hausa.

Mutuwa ce ta koro su can. A 1890 ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, wato CMS, ta tura wasu samari Lokoja da burin shiga ƙasar Hausa, Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson ne a gaba. Robinson ya mutu a 1891, Brooke ya bi shi a 1892, babu wanda ya taka Kano a cikinsu. Don tunawa da Robinson aka kafa ƙungiyar nazarin harshen Hausa a Landan, ƙanensa Charles Henry Robinson ya je Tarabulus ya fara koyo, ya kai Kano a ƙarshen 1894, ya koma gida ya rubuta ƙamus. Daga nan 'yan mishan suka gane cewa a Tarabulus ana samun Hausa ba tare da zazzaɓin bakin Kwara ba. Cikin waɗanda aka tura a ƙarshen ƙarni na 19 akwai wani matashin likita, Walter Miller, haifaffen Devon a 1872, wanda ya yi karatu a asibitin Saint Bartholomew da ke Landan. Shi ne Zazzagawa suka riƙa kira Likita Mila.

A takarda Mila ne malami, Audu almajiri. A zahiri abin ya fi haka cuɗewa. Mila yana da magani da abinci da wurin kwana, yana kuma da littafin da yake ɗokin karantarwa. Audu yana da abin da likitan ya tsallako teku nema, wato Hausar ɗakin uwa, wadda ba a tsintar ta a ƙamus. Wanda ya taɓa koyon harshe da girmansa ya san babu malami kamar yaro, don yaro ba ya jin nauyin yi maka dariya in ka karya kalma, ba ya kuma gajiya da maimaici. Waɗanda suka ji Mila yana Hausa daga baya, masoyansa da masu ƙinsa, sun yarda Turawan da suka kama ƙafarsa ƙalilan ne, har gwamnati ta riƙa sa shi jarraba ma'aikatanta a harshen. Tushen wannan Hausa a gidan Tarabulus yake, a bakin maraya ɗan Katsina.

Ba a kansu aka fara ba. Shekara arba'in da ɗoriya kafin haka, wani yaro daga ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda aka kama bawa, Bajamushe Overweg ya fanshe shi, ya bi Heinrich Barth har Tumbuktu, ya sauka Ingila a 1855 tare da abokinsa Abbega. Limamin kirista James Frederick Schön ya riƙe shi a gidansa shekaru, yana rubuta abin da ke fita daga bakinsa, ya fitar da nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885. Dorugu ya karɓi baftisma, ya dawo gida a 1864, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912 bayan ya koyar a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa. Sunan Schön ne a bangon littattafan. Haka aka saba: Bature ya sa hannu, yaro ya ba da harshe. Abin da ya bambanta Mila da Audu shi ne su sun rabu, kowa ya kama gabansa, sannan suka nemi juna.

Don yaron bai fasa niyyar da mahaifinsa ya mutu a kanta ba. Bayan ya zauna da Turawan na wani lokaci, ya ɗaura kayansa ya wuce Makka. Wannan wuri ne ya fi ɗaukar hankalina a labarin duka. Ga ɗan mishan mai zafin kai, wanda ya bar aikin likita a ƙasarsu don ya raba Hausawa da addininsu, ga yaron da ya shaƙu da shi yana shirin tafiya aikin hajji, kuma ba shi da ikon hana shi. A Tarabulus ta Turkawa Mila baƙo ne, ba shi da soja, ba shi da alƙali, ba shi da ko dogari ɗaya. Duk abin da ya ƙullu tsakaninsu a wannan gida ya ƙullu ne a lokacin da Bature bai zama mai mulki ba tukuna. In ana son a auna gaskiyar shaƙuwarsu, nan ne ma'aunin, don bayan 1903 babu wata hulɗa tsakanin Bature da Bahaushe da ba ta da inuwar bindiga a bayanta.

Shi kuwa Mila ya nufi kudu. Ran 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lokoja ya ce Arewa ta shiga hannunsu, alhali bai ci ko birni ɗaya na daular Sakkwato ba. A farkon wannan shekara Bishop Herbert Tugwell ya taso daga Legas da mutum huɗu: Likita Mila, da limamai biyu Richardson da Dudley Ryder, da Burgin. Suka yi tafiyar watanni a ƙasa. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da fara'a, shi da ke da nasa lissafin game da maƙwabtansa. Suka zarce Kano ba tare da an kira su ba. Sarki Alu, wanda ya hau gadon ta hanyar yaƙin basasa shekaru kaɗan kafin nan, ya gan su a fada, ya ƙi abin da suka zo da shi, ya ba su 'yan kwanaki su fice masa daga gari. Littattafan mishan sun daɗe suna zana shi a matsayin azzalumi mai girman kai, amma a tsaya a duba ta gefensa. Mutanen da suka ce sun mallaki ƙasarka ba da saninka ba, ga 'yan'uwansu a ƙofar fadarka suna neman fili su gina makaranta. Wane sarki ne zai ce musu bismilla? Shekara uku bayan haka sojan Lugga suka fasa ganuwar Kano.

Suka ja da baya zuwa Girku, kudu da Zariya. A nan Dudley Ryder ya mutu, ciwo ya kwantar da wasu, wuta ta cinye bukkokinsu, ƙarshenta suka gangara Loko a bakin Binuwai. Lugga ma bai ji daɗin wannan tafiya ba, don a ganinsa ta zubar wa Bature kwarjini a idon sarakuna. Mila ya koma Ingila jinya a 1901 hannu rabbana: bai samu ko mutum ɗaya ba, ya binne aboki, lafiyarsa ta taɓu.

Yana can labari ya same shi ta hannun 'yan mishan da ke Masar cewa Audu ya yi hajjinsa ya fito, ya maƙale a hanya, kuma bai manta da likitan Tarabulus ba. Ya kamata a san irin halin da yaro baƙar fata mara uba yake ciki a Hijaz ta wancan zamani. Cinikin bayi bai mutu a can ba, kuma yaran Takari da suka rasa mai tsaya musu suna cikin waɗanda aka fi sacewa a sayar. Wanda ya tsira daga wannan, ga yunwa, ga annobar da ke bin mahajjata kusan kowace shekara. Mila ya tashi tsaye har yaron ya dawo hannunsa ta Masar, ya zauna da shi a Ingila, sannan suka kamo hanyar Nijeriya tare. Alhaji ƙarami, wanda ya bar Katsina ta ƙofar arewa a bayan raƙumi, ya dawo ƙasar Hausa ta bakin teku, a jirgin Nasara.

Mai son ya rage wa labarin daraja zai ce yunwa ce, maraya ya nemi inda ya taɓa cin abinci. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta ƙare zancen ba. A Makka da Jidda akwai Hausawa jingim, akwai malamai masu riƙe almajirai, akwai ayarin masu komawa gida ta Sudan da zai iya bi. Bai bi su ba. Mila ma, in Bahaushen da zai yi masa tafinta yake nema, Lokoja cike take da su, babu dalilin kashe kuɗi da lokaci a kan yaron da ke wata nahiya. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, ba mutuwa ba. Yaron da ya ga an binne ubansa a hanya ya samu wanda ya dube shi da idon uba, saurayin da ya baro danginsa ya samu wanda ya fara kiransa da harshen da ya sadaukar da ransa a kai. Kowannensu ya rasa wani abu a shekarun rabuwar, kowanne kuma ya san wurin wa zai same shi.

Irin wannan kewa tana da tsohon tarihi a addinin Kirista, kuma duk ɗan mishan na zamanin Mila da labarinta ya tashi. Wajen shekara ta 50 Miladiyya, Manzo Bulus ya bi ta Listira, wani ƙaramin gari a tsakiyar ƙasar Turkiyya ta yau, ya ɗauki wani saurayi mai suna Timoti, uwarsa Bayahudiya, ubansa Bahelene. Fiye da shekara goma suna tare. Duk inda rikici ya tashi a ikilisiya kuma Bulus ba zai iya zuwa da kansa ba, Timoti yake aikawa, Tasalonika ne ko Koranti. Sunan saurayin yana gefen nasa a farkon wasiƙu shida. Ya shaida wa mutanen Filibi cewa ba shi da kamarsa, ya kwatanta hidimarsa da ta ɗa a gaban mahaifi. Sai wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti, wadda ikilisiya ta riƙe a matsayin ta ƙarshe da Bulus ya rubuta daga kurkuku a Roma kafin a kashe shi a zamanin Sarki Niron. Tun ƙarni na 19 masana ke gardama a kan ko da hannunsa ya rubuta ta, amma masu bi irin su Mila ba su taɓa shakka ba. A cikinta tsohon ya tuna hawayen da Timoti ya zubar ranar rabuwarsu, ya ce yana marmarin ganinsa. Ya lissafa waɗanda suka watse suka bar shi, ya ce Luka kaɗai ya rage. Ya roƙa a taho masa da mayafin da ya bari a Taruwasa a gidan Karbus, da littattafansa, a kuma yi ƙoƙari a iso kafin hunturu.

Wannan roƙo na ƙarshe ba adon magana ba ne. A zamanin Romawa jiragen ruwa kan daina ratsa Bahar Rum daga wajen tsakiyar Nuwamba har cikin Maris, saboda hadari da hazo. Mutumin Kaugama ko Auyo ko Guri ba ya buƙatar dogon bayani a nan: in kana da mara lafiya a ƙetaren fadama ka aika wa ɗansa ya zo kafin Kogin Hadejia ya kawo ruwa, ya san in ya yi nawa har ruwa ya ci hanya, sai dai ya zo gaisuwar mutuwa. Abin da Bulus ke faɗa wa Timoti ke nan.

Amma akwai inda labarin biyu suka raba hanya, kuma masu ba da tarihin mishan ba su cika tsayawa a wurin ba. Bulus bai raba Timoti da gidansu ba. A wasiƙar nan ma ya ambaci kakarsa Lowis da uwarsa Afiniki da suna, ya ce daga wurinsu ya gaji bangaskiya. Timoti ya bi malaminsa da albarkar uwa. Audu kuwa, da ya shiga addinin ubangidansa, ya yi abin da danginsa ba su da sunan da za su kira shi sai ridda. A duba ta idon mutanen Katsina: an sallami mutum da ɗansa zuwa ɗakin Allah, uban ya mutu a kan hanya mai albarka, ɗan ya kai, ya yi ɗawafi, ya dawo yana bin Nasara, a daidai shekarun da Nasara ke cin garuruwan Musulmi ɗaya bayan ɗaya, Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, Burmi a Yuli, Hadejia a Afrilun 1906 inda Sarki Muhammadu ya mutu yana yaƙi. Babu yadda za a yi su ga ƙauna a cikin wannan. Mila ya samu ɗa bai rasa kowa ba, in ya koma Devon 'yan'uwansa na nan suna alfahari da shi. Audu ne ya biya kuɗin shaƙuwar, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A 1905 Mila ya samu zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Wa'azi a kasuwa bai kawo masa kowa ba, kuma gwamnati ma ba ta so. Lugga ya yi alkawari a Sakkwato cewa ba za a taɓa addinin mutane ba, waɗanda suka gaje shi irin su Girouard da Temple kuma suka ƙara ƙulle ƙofa, suka hana mishan shiga masarautu. Shawarar Mila ta a ba shi 'ya'yan sarakuna ya karantar ta sha ruwa, gwamnati ta buɗe tata makarantar a Nasarawa ta Kano a 1909. Abin da ya rage masa shi ne abin da ya koya a Tarabulus: ya ɗauki yaro, ya ci da shi, ya kwana da shi a gida ɗaya, ya yi masa magani, ya koya masa karatu. Bai yi aure ba, yaran nan su ne iyalinsa. Wasu 'yantattun bayi ne da ba su san garinsu ba, wasu marayu, wasu iyayensu ne suka kawo. Har akwai waɗanda suka ɗauki sunansa, irin su Rabaran Henry Miller, kuma ta wannan hanya sunan wani Baturen Devon ya zama sunan zuriya a Zazzau, har ya kai ga mawaƙi Bala Miller.

Zazzagawa ba su ga baƙon abu a tsarin ba, ko da sun ƙi abin da ake koyarwa. Riƙo al'adarmu ce. Malami yana tashi da almajiransa, attajiri da yaran gidansa, sarki da bayinsa, kuma kowa ya san haƙƙin da ke tsakani: uban riƙo ya ciyar, ya tufatar, ya aurar, ɗan riƙo kuma ya yi biyayya har tsufa. Mila ya shiga wannan riga ta zauna masa daidai, har da inda take matsewa. Mutum ne mai kaifin harshe da son a bi tasa. Ya yi ta sukar sarakunan Fulani da mulkin En'e a rubuce, ya yi zaman doya da manja da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, kuma ƙorafe-ƙorafensa na cikin abin da aka tara wa sarkin kafin a tuɓe shi a kai shi Lokoja. Mai irin wannan hali ba ya canza shi in ya shiga gida. Ƙaunar uban riƙo tana da daɗi ga yaro, tana da nauyi ga magidanci mai gemu da ke son ya yanke shawarar kansa.

A 1913 aka yi wata haɗuwar da ta fi ta Masar girma. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi aka kashe wani Malam Ibrahim a Kano saboda koyarwarsa da ta ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda malamai suka yarda. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watsu zuwa iyakar Ningi da gabashin Zazzau, suna riƙe da abin da ya bar musu, suna jiran wanda zai zo ya ƙarasa musu bayani. Shekara kusan hamsin ana wannan jira. Wasu daga cikinsu suka zo wurin Mila a Zariya, aka tattauna, aka kafa musu ƙauye a Gimi ƙarƙashin Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karibiyan. A nan aka ga jama'a guda, da malamansu da matansu, sun shiga Kiristanci tare. Cikin 'yan shekaru tsando ya kawo ciwon barci ya yi musu ɓarna, ƙauyen ya tashi, yaran da suka tsira aka kwaso su zuwa Zariya. Suka ƙara yawan marayun gidan likita. Daga zuriyar Isawan nan Farfesa Ishaya Audu ya fito, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Audun da ke cikin sunansa na mahaifinsa ne Bulus Audu, ba na Tarabulus ba.

Sai rabuwa ta zo wa Mila ta inda bai zata ba. Gwamnati da fada sun daɗe suna son mishan ya fita daga cikin ganuwa, a 1929 kuwa CMS ta yarda ta koma Wusasa, bayan gari, inda aka gina cocin Saint Bartholomew da ginin ƙasa irin na Hausa, da asibiti, da makaranta. Mila bai so ba. A ganinsa fita daga birni sallamawa ce, za a mai da Kiristocin Hausa 'yan bayan ganuwa, baƙi a ƙasarsu. Sabbin 'yan mishan suka karɓi ragama, shi kuma ya koma Kano ya duƙufa a kan aikin da ya daɗe yana yi tare da malaman Hausa da ya rena da wakilan sauran ƙungiyoyin mishan, wato fassarar Littafi Mai Tsarki. Aka buga shi cikakke da boko a 1932, wasiƙun Bulus zuwa ga Timoti a ciki.

Littafin ya yi tafiyar da mai shi bai yi ba, ko da yake ba inda ya nufa ba. Hausawan birni da aka yi dominsu kaɗan ne suka buɗe shi. Waɗanda suka rungume shi su ne mutanen Filato da kudancin Zariya da Adamawa da Bauci ta kudu, masu harsuna barkatai, har Hausa ta zama harshen coci a wuraren da ba a haifi kowa da ita ba. A masarautu kuwa sai a shekarun 1930 aka sassauta, aka bar 'yan mishan na SIM suka shigo ta ƙofar jinyar kutare da ɗakunan magani. Jirgin ƙasa ya kai Nguru a 1930 ta Malam Madori, ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwar gyaɗa daga kudu, daga baya mishan ya kafa tasha a Garun Gabas. A can ma tsarin bai canza ba. Waɗanda suka tsaya galibi yaran da aka rena ne a gidan mishan, ko majinyatan da suka shekara a hannun mai yi musu allura, kowanne da sunan wani Bature ko wani malamin asibiti da yake kira uba.

Mila ya ajiye aiki da CMS a 1935 ya koma Ingila. Ya rubuta littafin tarihin aikinsa da ya fito a 1936, amma zaman bai yi masa ba. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana mafarki da Hausa, tsofaffin abokansa sun mutu, 'ya'yan da ya sani duk suna wata ƙasa. Wannan karon malamin ne ya bi sawun almajiran. Ya dawo Nijeriya a 1939 ba a ƙarƙashin kowace ƙungiya ba, ya ci gaba da koyarwa da rubutu, ya fitar da littafi a 1947 yana tambayar ko Ingila ta gaza a Nijeriya, yana sukar yadda aka bar talakan Arewa ba ilimi. Ya rasu a Bukuru kusa da Jos a 1952, yana da shekara tamanin. A lokacin Dokta R. A. B. Dikko, wanda ya tashi a makarantar mishan ɗinsa ya yi karatu a Birmingham ya zama likitan farko ɗan Arewa, ya riga ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafuwarta, kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasar su Sardauna. John Tafida na Wusasa ya riga ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Ishaya Audu yana karatun likita, wani ɗan malamin bishara daga Wusasa mai suna Yakubu Gowon kuma yana kwalejin gwamnati ta Zariya.